Karatun Ɗa da Karatun Bawa: Me Makarantun Kiristocin Amurka Ke Nema a Tsofaffin Littattafai?

A watan Satumba na shekarar 2023 hukumar da ke kula da jami'o'in gwamnati a Jihar Florida ta Amurka ta amince da wata jarrabawar shiga jami'a mai suna CLT, ta jera ta da SAT da ACT waɗanda suka daɗe suna cin kasuwa su kaɗai. Abin da ya bambanta wannan jarrabawa shi ne irin rubutun da take ba ɗalibi ya karanta ya amsa tambayoyi a kansa, domin an tsakuro da yawansa daga littattafan masana falsafa da malaman addini da marubutan da suka kwanta dama tun ƙarnoni masu nisa. An ƙirƙiro ta a 2015, kuma kasuwarta ta farko ita ce makarantun Kirista masu bin tsohon tsarin karatu, da iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida.

Irin waɗannan makarantu sun kai ɗaruruwa a Amurka yanzu. Yaro yana fara Latin tun yana firamare, harshen da babu wata ƙasa da ake cinikin kasuwa da shi. Yana haddar waƙoƙi da nassoshi. Idan ya fara tasawa a koya masa manɗiƙi a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma a yawancinsu ba zai fita sakandare ba sai ya rubuta maƙala ya tsaya gaban jama'a ya kare ta. Duk wannan a ƙasar da ta ƙera intanet. Dole mutum ya tambaya: me suke nema? A fahimtata, suna ƙoƙarin amsa tambayar da tsarin boko na zamani ya daina yi wa kansa, wato karatu don me? Amsarsu tsohuwa ce, tana da ƙarfi, tana kuma da tabo, kuma duka biyun sun cancanci a duba su.

Sunan da Rumawa suka ba wannan ilimi, idan aka fassaro shi daga Latin, shi ne fannonin da suka dace da ɗa. Ɗa a nan da ma'anar da Bahaushe ke nufi in ya ce wane ɗa ne, ba bawa ba. A Atina da Rum ta dā, bawa akan koya wa aikin hannu da riƙon lissafin dukiyar ubangidansa, wani lokaci har da likitanci. Ɗa kuwa ana shirya shi ne ya tsaya a majalisa ya yi magana, ya yanke hukunci, ya san inda ya kamata birni ya dosa. Bawa yana yi wa manufar wani hidima, ɗa shi ke zaɓar manufa, saboda haka karatunsa ya zarce sanin yadda ake yin abu, ya kai ga sanin dalilin yin sa. Kalmar da Girkawa suka kira makaranta da ita, wadda Turanci da Faransanci suka gada, asalin ma'anarta hutu ne, lokacin da mutum ya samu sararin kansa daga neman abinci. Mai karatu ya riƙe wannan batu na bauta, za mu komo kansa.

Fannonin bakwai ne. Wanda ya tsayar da adadinsu ga Turawan tsakiyar zamani shi ne Martianus Capella, mutumin Arewacin Afirka da ya zauna a Kartaj cikin ƙarni na biyar. Ya rubuta wani littafi mai siffar labarin biki, inda 'yan mata bakwai ƙawayen amarya suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana bayanin fanninta. Uku na farko na harshe ne: nahawu da manɗiƙi da balaga, su ake kira trivium, wato mahaɗar hanyoyi uku. Huɗu na biyu na adadi ne: lissafi da handasa da kiɗa da ilimin taurari, su ne quadrivium. Likitanci da gini sun zo wurin bikin, amma marubucin bai ba su damar magana ba, wai don sha'aninsu na ƙasa ne da bukatun jiki.

Jerin ba kara-zube aka yi shi ba. Nahawu ke sa mutum ya faɗi abin da yake nufi, ya kuma fahimci abin da wani ya faɗa. Manɗiƙi ke nuna masa ko sakamakon da aka ciro ya fito daga hujjar da aka kawo, ko kuwa an tsallake wani mataki a ɓoye. Balaga ke ba shi ikon isar da gaskiya ga zukatan mutane har su motsa. Rumawa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun mugu mai zaƙin baki, har babban malaminsu na wannan fanni, Quintilian, ya dage cewa ba a kiran mutum mai balaga sai in mutumin kirki ne. Su kuma fannonin adadi, Boethius, wanda ya raɗa musu suna a farkon ƙarni na shida, ya bayyana su da cewa lissafi yana duban adadi a kan kansa, kiɗa yana duban dangantakar adadi da adadi, handasa tana duban girma mai tsayuwa, ilimin taurari kuma girma mai motsi. Wanda ya yi mamakin ganin kiɗa cikin dangin lissafi ya ɗauki tsirkiyar garaya ya danne ta daidai tsakiya ya kaɗa. Zai ji amon farko ne ya dawo a sama, kuma dalilin haka biyu ne bisa ɗaya. Kunne yana jin daɗi, hankali kuma yana gano cewa akwai ƙididdigar da ba ta sauyawa a ƙarƙashin daɗin. Abin da ake so ɗalibi ya saba da shi ke nan: ya riƙa hango abin da ke tabbatacce a bayan abin da ke wucewa, kafin a kai shi ga falsafa da sanin Ubangiji.

Duk wannan gadon masu bautar gumaka ne, kuma nan Kiristocin farko suka shiga tsaka mai wuya. Littattafan da ake koyon nahawu da su cike suke da labaran alloli masu sata da zina. Tertullian na Kartaj, wajen shekara ta 200, ya nuna cewa babu abin da ya haɗa Atina da Ƙudus. Jerome, wanda ya fassara Baibul zuwa Latin, ya ba da labarin mafarkin da ya yi ana tuhumarsa a gaban shari'ar Ubangiji da cewa shi almajirin Cicero ne ba na Almasihu ba. Abin mamaki, wanda ya taimaka wajen nuna wa Kiristoci darajar abin da suke ɗari-ɗari da shi abokin gabarsu ne. A shekara ta 362 Sarkin Rum Julian, wanda ya bar Kiristanci ya koma addinin kakanninsa, ya hana Kiristoci koyar da littattafan Girkawa, bisa hujjar cewa bai dace mutum ya ci abinci da littafin da bai yarda da abin da ke cikinsa ba. Manyan malaman coci suka ɗauki wannan a matsayin yunƙurin mai da 'ya'yansu jahilai marasa bakin magana a fada. Basil na Kaisariya kuwa ya shawarci matasa su yi da littattafan Girkawa yadda zuma ke yi da fure, ta ɗebi abin da za ta amfana da shi ta bar saura.

Wanda ya ba wannan matsaya tushe mai zurfi shi ne Agustin. An haife shi a 354 a garin da ake kira Souk Ahras a Aljeriya ta yau, ya koyar da balaga a Kartaj da Rum da Milan kafin ya karɓi baftisma a 387. A littafinsa kan koyarwar Kirista ya kawo misalin Bani Isra'ila, waɗanda Attaura ta ce sun fita Masar da zinariya da azurfar Misirawa. Ma'adinin na Allah ne, in ji shi, Misirawa haƙo shi kawai suka yi, kuma haka duk wata gaskiya da ke cikin littafin wanda bai yi imani ba. Babu gaskiya biyu, ɗaya ta addini ɗaya ta lissafi. Linjilar Yohanna ta buɗe da wata kalmar Girkanci, logos, wadda ke ɗauke da ma'anar magana da hankali da tsari a lokaci guda, kuma malaman Kirista suka fahimci cewa duniyar da aka halitta ta wannan Kalma dole ta zama mai karantuwa. Mai nazarin jimla da mai nazarin tafiyar taurari, a wurinsu, sawu ɗaya suke bi.

Amma abin da na fi ganin nauyinsa cikin tunanin Agustin wani ne daban. Ya ce nagarta ita ce mutum ya jera abubuwan da yake so bisa matsayin da ya dace da kowanne. Misalin da ya bayar na marowaci ne: zinariya ba ta da laifi, laifin na wanda ya so ta fiye da adalci ne. Idan haka ne, matsalar ɗan Adam ba ƙarancin bayani ba ce kaɗai. Akawun da ya karkatar da kuɗin 'yan fansho ya ɓatar da sawu bai rasa lissafi ba, ƙwarewarsa ce ma ta ba shi dama. Abin da ya karkace a cikinsa shi ne jerin abubuwan da yake ƙauna. Daga nan falsafar nan ta ciro aikin makaranta: ta horar da so da ƙi na yaro tun kafin hankalinsa ya iya kawo hujja, ya ji daɗin abin da ya cancanci a ji daɗinsa, ya ƙyamaci abin ƙyama, ta yadda ranar da hujja ta zo zai gane ta kamar wanda ya ga ɗan'uwansa. Aflatun da Aristotal sun riga sun faɗi makamancin haka, marubucin Ingila C. S. Lewis kuma ya farfaɗo da shi a 1943 lokacin da ya soki littattafan makaranta da ke koya wa yara cewa kiran abu kyakkyawa ko mummuna bayyana ra'ayi ne kawai. Wannan ne dalilin hadda da waƙa da labaran jarumai a makarantun da muke magana a kansu. Mai sukar su zai ce cusa aƙida ce. Su kuma za su ce babu makarantar da ba ta cusa ƙaunar wani abu, bambancin kawai wata ta san abin da take cusawa, wata tana cusa son takardar shaida da albashi ba ta sani ba. A wannan gaɓa ina ganin hujjarsu ta fi.

Bayan rushewar daular Rum ta yamma, igiyar ta yi siriri ƙwarai. Boethius ya ƙuduri aniyar fassara dukan Aflatun da Aristotal zuwa Latin, amma Sarki Theodoric ya sa aka kashe shi wajen 524 bai wuce littattafan manɗiƙi ba. Cassiodorus ya kafa gidan ruhubanawa a kudancin Italiya inda ya mai da kwafar littattafai wani nau'in ibada. A 789 Sarki Shalaman, da taimakon malaminsa Alcuin na York, ya ba da umurni a buɗe makarantu a manyan majami'u da gidajen ruhubanawa. Haka aka yi ta jan abin har ƙarni na 12.

A nan ne labarin da wasu masu farfaɗo da tsarin ke bayarwa yakan yi tsalle, kamar daga Atina aka miƙe zuwa Paris babu zango. Akwai zango, kuma Bagadaza da Andalus ne. Yawancin littattafan Aristotal kan ɗabi'ar halitta sun ɓace wa masu karatu da Latin, alhali an daɗe da fassara su zuwa Larabci ana sharhinsu. A birnin Toledo, Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara littattafai masu yawa daga Larabci, har da babban littafin Ptolemy na taurari da littafin Ibn Sina na likitanci. Malaman Paris suna kiran Ibn Rushd da laƙabin Mai Sharhi kawai, ba sai an ambaci sunansa ba. Hukumar coci ta hana koyar da littattafan Aristotal na ɗabi'a a Paris a 1210, amma zuwa 1255 jami'ar ta wajabta su. Gardamar kuma ba ta Kiristoci kaɗai ba ce. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, Suyuɗi yana haramta manɗiƙi don asalinsa na Girkawa ne, Magili yana kare shi da cewa gaskiya ake dubawa ba wanda ya kawo ta ba. Hujjar Agustin ke nan a wani harshe. Ɗalibin zaure da ya wuce Ajuruma ya shiga balaga, ya kuma karanta Sullamu na Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da yara ke fara fiƙihu da shi, hanyoyi ukun nan ya bi, kuma malamansa ma kayan aiki suke kiran waɗannan fannoni, kamar yadda aka kira tarin littattafan manɗiƙin Aristotal. Wani abin lura a gefe: Agustin da Magili da Akhdari duk daga ƙasar da muke kira Aljeriya a yau suka fito.

Mafi kyawun abin da jami'o'in wancan zamani suka haifar, a ganina, shi ne salon muhawara. Wanda ya buɗe babban littafin Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, zai ga kowace mas'ala tana farawa da hujjojin masu saɓa masa, an zayyana su da ƙarfinsu, wani lokaci fiye da yadda masu su za su iya. Sai bayan haka ya kawo tasa amsar, sannan ya koma ya warware hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ya shekara yana wannan atisaye ya koyi cewa ba shi da ikon ƙaryata magana sai ya iya faɗin ta yadda mai ita zai yarda cewa abin da yake nufi ke nan. Duk wanda ya leƙa yadda ake jayayya a Facebook zai san tsadar wannan tarbiyya.

Farfaɗowar da ake gani a Amurka ta samo asali ne daga wata lacca da marubuciya Dorothy Sayers ta gabatar a Oxford a 1947, shekara biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Damuwarta ita ce an koya wa kowa karatu, amma an bar shi ba garkuwa a gaban jarida da rediyo da farfaganda, domin ana koya wa yara darussa ba a koya musu yadda ake tunani. Ta ba da shawarar a jera fannoni ukun bisa girman yaro: nahawu lokacin da yake son hadda kamar aku, manɗiƙi lokacin da ya fara gardama da tsiwa, balaga lokacin da ya fara neman bayyana kansa. Ita da kanta ta ce da wuya a taɓa aiwatar da shawararta. Shekara 34 bayan haka, a 1981, wani fasto mai suna Douglas Wilson da abokansa suka buɗe makarantar Logos a wani ƙaramin gari na Jihar Idaho bisa wannan tsari, littafin da ya fitar a 1991 kuma ya watsa shi ko'ina. Ya kamata a sani cewa rabon fannonin bisa shekarun yaro dabarar Sayers ce, ba haka malaman tsakiyar zamani suka ɗauke su ba, kuma ta ce daga tuna nata ƙuruciyar ta ciro shi. Yana iya yin amfani a aji, amma kiransa gadon shekara dubu ƙari ne.

Yanzu mu komo kan bauta. Hutun da ɗan Atina ya samu na yin falsafa, gumin bawa ne ya saya masa shi. Masanin ilimi na Amurka John Dewey ya nuna a 1916 cewa raba karatu gida biyu, na hankali da na hannu, hoton al'ummar da ta rabu ne tsakanin masu hutu da masu bauta. Shi kansa Wilson ya ƙara wa zargin nauyi da ɗan littafin da suka fitar da Steve Wilkins a 1996, wanda ya sassauta munin bautar da aka yi a kudancin Amurka, masana tarihi kuma suka yi masa ca. Ga shi kuma yawancin makarantun na kuɗi ne. Sai dai akwai amsa daga cikin gidan. Hugh na St. Victor, malami a Paris cikin ƙarni na 12, ya shigar da saƙa da ƙira da fatauci da noma da farauta da likitanci da wasan kwaikwayo cikin rassan falsafa, yana ganin hikima maganin jahilci ce, nagarta maganin son zuciya, sana'a kuma maganin raunin jiki, kuma duka ukun gyaran ɗan Adam suke yi. Wata amsar ta fito daga jikokin bayin kansu. Lokacin da Booker T. Washington ke kiran baƙaƙen fatar Amurka su rungumi koyon sana'a, W. E. B. Du Bois, wanda ya taɓa koyar da Girkanci da Latin a Jami'ar Wilberforce, ya tsaya kan cewa hana su karatun ɗa ci gaba ne da ɗaukar su bayi. Irin wannan zargi ya biyo bayan hukumar Phelps-Stokes da ta zagaya Afirka a farkon shekarun 1920 tana ba da shawarar a ba 'yan mulkin mallaka ilimin noma da aikin hannu, alhali makarantar CMS ta Legas tana koyar da Latin tun bayan kafa ta a 1859. Mutanen da aka fi hana wannan ilimi ba su ce a rushe shi ba, sun ce a buɗe ƙofa.

Abin da ya fi damuna da tsarin yana wani wuri. Alƙawarinsa shi ne littattafai masu kyau za su gyara abin da mutum yake so, kuma tarihi bai tabbatar da wannan ba. Masu mulkin mallaka da yawa sun haddace Virgil. John Henry Newman, babban mai kare irin wannan karatu, ya faɗa a laccocinsa na Dublin a 1852 cewa ilimi daban, nagarta daban, kuma abin da jami'a ke iya samarwa mutum ne mai ladabi da wayewa, wanda ba lallai ya zama mai tsoron Allah ba. Yanzu kuma da karatun da aka ce don kansa ake yi ya samu jarrabawa da maki da littattafan share fage, zai fuskanci jarabar da ta kama sauran.

Agustin ya riga su ganin iyakar abin. A 386 ya ajiye kujerarsa ta balaga a Milan, aikin da ya kwatanta da sayar da surutu, ya koma wani ƙauye da mahaifiyarsa Monica da ɗansa da wasu almajirai, inda suka riƙa karanta Virgil suna muhawara kan gaskiya da tsarin halitta. Ya ɗauri niyyar rubuta littafi kan kowane fanni don ya zama tsani daga abin da ake gani zuwa abin da ba a gani, amma na nahawu kawai ya kammala, sai juzu'i shida kan kiɗa. Wajen shekara 40 bayan haka, yana tsoho a Hippo, ya zauna ya bi littattafansa ɗaya bayan ɗaya yana gyara abin da bai gamsu da shi ba. Da ya iso kan rubuce-rubucen wancan ƙauye, ya ce ya ba fannonin nan matsayin da ya wuce nasu, domin akwai bayin Allah da yawa da ba su san su ba, akwai kuma waɗanda suka san su amma ba bayin Allah na gari ba ne.